Ƙafar da Ta Riga Inna Tafiya

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Inna, mahaifiyar maigidana, ta rasu da hantsin wata Laraba a ɗakinta da ke gidanmu a unguwar Yalwawa, cikin Dutse, bayan shekaru tana fama da ciwon suga. Kafin la'asar an kai ta makwancinta.

Duk wanda ya shigo gaisuwa, in ya gama "ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri," sai ya sassauta murya ya ce, "Ai Inna ta huta." Wasu suna faɗa suna satar kallona, wai ko zan ji haushi. Ban ji ba. Ni ce mai kwance mata bandeji safe da yamma, ni na san abin da ta huta da shi. Na yi kuka, har yanzu ma in na shiga ɗakinta sai na yi. Amma a ƙarƙashin kukan akwai wani sanyi a ƙirjina da na kasa ɓoyewa, kuma ban ga dalilin ɓoye shi ba.

Dangi sun zo daga ƙauyensu na bayan Kafin Hausa, mota guda cike, suka mamaye tsakar gida. Ranar sadakar uku sai ga wasu mata suna sallama ɗaya bayan ɗaya, waɗanda dangi ba su taɓa gani ba. Wata da sanda, wata kuma 'yarta na riƙe da hannunta saboda ido ya tafi, wata ƙafarta a naɗe. Ta ƙarshensu wata ƙatuwar mata ce daga Haɗeja, mai sana'ar busasshen kifi. Ta zo bakin tabarma, ta kwance ƙafarta ta roba, ta jingine ta da bango kamar mai ajiye lema, sannan ta zauna ta yi doguwar addu'a.

Wata gwaggon maigidana ta kasa haƙuri. Ta karkato ta ce, "Baiwar Allah, ban gane ku ba. Ta ina kuka haɗa dangi da marigayiya?"

"'Yan ajinsu ne mu," in ji matar Haɗeja.

"Aji kuma? Ita da ko allo ba ta daɗe tana riƙewa ba?"

"Ajin suga, Gwaggo. Ita ce monitarmu."

Dariya ta ƙwace wa mutane a gidan makoki, har gwaggon ta toshe baki da mayafi. Na san da Inna tana nan, ita za ta fi kowa ƙyaƙyatawa. A wurin na ƙudurta zan rubuta abin da na sani game da ita. Ƙananan jikokinta ba su san ta ba sai a keken guragu, ido ya dushe, ana auna mata abinci kamar magani. Ba na so su girma suna zaton iyakarta ke nan.

Lokacin da aka kawo ni gidan ɗanta, Inna mace ce mai tafiya. Tana da 'yar gonarta ta gyaɗa, tana matse mai, tana soya ƙuli-ƙuli, ranar kasuwa ta ɗora a ka ta taka da ƙafarta. Ba a suna, ba a biki, ba a rashi a ƙauyukan da ke kewaye da su ba tare da an gan ta ba. In aka ce ta jira mota ko ta hau acaɓa, sai ta ce, "Kafin mota ta cika na je na dawo. Zumunta a ƙafa take, ba a taya ba." Diddigenta duk faso, tafin ƙafarta kamar ƙirgi, kuma tana alfahari da shi.

Abin da ta fi so a duniya fura ce. A dama da kindirmo, a zuba suga har sai ta ji shi a maƙogwaro. In ta zo mana Dutse, kafin ta sauke ƙunshin kayanta za ta ce, "'Yar nan, masu nono sun wuce?" Haka take kirana, 'yar nan, tun daga ranar farko har ta ƙarshe.

'Ya'yanta biyu ne suka rayu: maigidana, da yayarsa da ke aure a Garki, wadda duk muke kira Yaya. Yaya ce 'yar fari, Inna kuwa mutumiyar da ce, tana kunyar 'yar fari irin ta gaske. Ba ta faɗin sunanta, ba ta kallon idonta, ba ta zama hira da ita. In Yaya ta gaishe ta, sai ta amsa tana kallon bango. In tana son jin lafiyarta, ni take tambaya, ga Yaya a zaune: "Waccan ta ce yaran suna lafiya?" Kakarsu ce ta goyi Yaya ta raine ta, don haka tsakanin uwa da 'ya babu doguwar magana. Abin da ke tsakaninsu kwano ne. Duk zuwan da Yaya za ta yi, da furarta take zuwa, wadda ta daka da hannunta. Inna ta shanye, ta ture kwanon gefe ba ta ce uffan ba, Yaya ta ɗauka tana murmushi.

Ciwon ya shigo a hankali. Ƙishirwa ba dare ba rana, yawan zagayawa, rama. Mutanen ƙauye suka ce tsufa ne, wasu suka ce shawara ce. Abin da ya tona shi ƙaya ce. Ta taka ta a gona ba ta ji ba, ta yi ta yawo da ita a tafin ƙafa har wurin ya kumbura ya fara ruwa. Maigidana ya je ya ɗauko ta, ba don tana so ba. A asibiti aka gwada jininta, likita ya dubi sakamakon ya dube ta ya ce, "Mama, da ƙafarki kika shigo nan?"

Ta ce, "Da ta wa zan shigo?"

Ranar aka karanta mana doka. Ba fura, ba kunu mai suga, ba lemo, tuwo ɗan kaɗan, ganye da yawa, allura kullum, kuma kada ta sake taka ƙasa ba takalmi. Likita yana faɗa yana kallona, domin ni ce mai tukunya. Daga ranar aikina ya zama hana surukata abin da ranta ke so, a gidan ɗanta, ni da ko ƙwaƙƙwarar magana ban taɓa yi a gabanta ba.

Ba ta sauƙaƙa min ba da farko. Tuwon alkama ta sa masa suna tuwon hukunci. In na kai mata kwaɗon zogale sai ta ce, "Akuyar gidan nan ta gode." 'Yar na'urar da ake gwada suga da ita kuwa, wadda sai na soke mata yatsa na ɗiga jini, munafuki take ce mata. Da safe in ta ji motsina sai ta miƙo hannu: "Ɗauko munafukin, mu ji abin da zai faɗa a kaina yau." In sugan ya sauka, ta ce ya fara jin tsoron Allah. In ya hau, ta ce sharri ne, alhali ni da ita mun san akwai dabino a ƙarƙashin matashinta.

Ciwon jiki bai dame ta kamar bakin mutane ba. In ta je biki aka miƙo mata lemo ko alkaki ta ce a'a, sai a ce tunda ta koma birni ta fi ƙarfin abincin talaka. In ta karɓa don kunya, ta kwana biyu tana jin jiki. Gyambon ƙafar kuma ya ƙi warkewa, ya fara wari. Wata rana a gidan suna ta lura matan da ke kusa da ita suna janye jiki ɗaya bayan ɗaya, har ta rage ita kaɗai a tabarma. Ta dawo gida ba ta faɗa wa kowa ba, sai cewa ta yi in ƙara mata turaren wuta. Maƙwabciyarmu ce ta ba ni labari daga baya. Daga ranar ba ta sake cewa a kai ta ko'ina ba. Matar da ba ta iya wuni a gida ta koma zaman ɗaki, da ta ji sallama ta ja zane ta rufe ƙafa.

Ni ma na sami rabona. Masu zuwa dubiya daga ƙauye suna ganin 'yar malmalar da nake kai mata, suna ganin yadda ta rame, sai su koma su ce matar ɗanta tana horar da ita da yunwa. Maganar ta zaga har ta isa Garki.

Wata Asabar na dawo daga kasuwa na tarar da takalmin Yaya a ƙofar ɗaki, ga kwano a gefen gado an shanye tas. Har zuma aka zuba, na ji ƙanshinta. Na gaishe da Yaya, ta amsa da ƙyar. Kafin magariba Inna ta fara amai, numfashinta ya sauya, tana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da mutuwa. Muka sa ta a adaidaita sahu sai asibiti.

A barandar asibitin ni da Yaya muka yi abin da ba mu taɓa yi ba. Na ce, "Yaya, ai an gaya miki fura ba ta cikin abin da za ta sha."

Ta miƙe tsaye. "Uwata ce ko uwarki? Tun kafin a haife ki nake dama mata fura. Kin mayar da ita kamar tsinke, kin tsare ta a ɗaki, yau don na ba ta abin da ranta ke so na zama mai kisan kai?"

"Ban ce haka ba."

"Idonki ya faɗa."

Maigidana ya shiga tsakani, ya rasa wa zai ba haƙuri. Yaya ta kwana a wurin. Da aka ce Inna ta farfaɗo, ta leƙa ta taga ta gan ta, ta kama hanyar Garki ba ta yi min sallama ba.

Ina goge wa Inna fuska da safe sai ta riƙe min hannu. Ta ce, "'Yar nan, kada ki riƙe waccan a ranki. Ba ɗura min ta yi ba. Ni na sha, kuma na san abin da zai biyo baya."

Na ce, "To Inna, me ya sa kika sha?"

Ta saki hannuna. Sannan ta ce, "Tun daga Garki ta riƙo kwanon nan a cinya. Ni ban taɓa ce mata sannu ba, ita ba ta taɓa ce min tana kewata ba. In na mayar mata da kwanon, da me za ta gaishe ni?"

Na ci gaba da goge mata fuska. Fushin da na kwana da shi ya zube, amma Yaya tana Garki, ba ta ɗaukar wayata.

Bayan wannan ƙafar ta ƙara lalacewa. Aka cire yatsu, abin bai tsaya ba, baƙi ya fara hawa sama. Likitoci suka ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa, in ba haka ba ciwon zai tafi da ita gaba ɗaya. Inna ta ce a'a. Ta juya fuska bango, ta daina cin abinci, ta daina tsokanar munafuki. Ƙaninta, wanda muke kira Kawu, ya zo daga ƙauye ya goya mata baya. A wurinsa wannan ba ciwon asibiti ba ne, wani abu aka binne mata a hanya ta taka, kuma ya san mai magani. Ya ce a sallame ta ya tafi da ita gida, yadda Allah ya halicce ta cikakkiya haka za ta koma masa.

A gadon da ke kusa da nata aka kwantar da matar nan ta Haɗeja. Ita an daɗe da yanke tata, sugan ne ya hau ya sake kawo ta. Tana jin duk abin da ake yi, ba ta sa baki ba. Sai da Kawu ya fita salla ta ce, "Iya, in tambaye ki mana. Warin ne ya fi damunki ko zafin?"

Babu wanda ya taɓa yi wa Inna wannan tambayar. Mu duk muna yi kamar hancinmu ba ya aiki. Na zaci za ta yi fushi. Sai ta juyo a hankali ta ce, "Warin."

"Ni ma shi ne. Ni da nake sayar da kifi, har masu sayen kifi suka fara gudun rumfata. Kin ga kuwa abin ya kai." Ta gyara kwanciya. "Ranar da aka cire ta, na farka na shaƙi iska, ban ji komai ba sai maganin asibiti. Wallahi na yi kuka, amma ba kukan ƙafa ba ne."

Suka yi ta magana har la'asar, ni ina gefe kamar ba na nan. Na ji Inna tana faɗin abin da ba ta taɓa gaya mana ba: yadda tafin ƙafarta ke yi kamar an watsa masa garwashi, alhali in an taɓa ba ta ji, yadda take mafarkin fura ta farka da yawu a baki, yadda take jin kunyar ɗanta in ya ɗauke ta zuwa banɗaki. Duk abin da ta faɗa sai matar ta ce, "Haka ne, ni ma." Ko sau ɗaya ba ta ce mata ta yi haƙuri ba. Mu kuwa kalmar da muka iya ke nan.

Washegari dangi suka taru a bakin gado, har da Yaya, wadda maigidana ya kira a waya. Kawu ya sake kawo maganarsa, ya ƙara da cewa da tun farko an bar ta a gida tana cin abin da ta saba ci, da ba a kai nan ba. Bai kalle ni ba, amma kowa ya san inda maganar ta dosa.

Inna ta ce a tayar da ita zaune. Ta ce, "'Yar nan, kwance bandejin."

Na ce, "Inna, a gaban mutane?"

"Kwance."

Na kwance. Ban taɓa buɗe ƙafar a gaban kowa ba sai nas, domin ita ta hana. Kawu ya kau da kai yana salati. Wasu suka fice. Inna ta ce, "Kun gani? Wannan take wankewa safe da yamma da hannunta, sannan ta je ta tuƙa muku tuwon da kuke ci in kun zo dubiya. Duk wanda ya sake cewa tana bari na da yunwa, ban yafe ba." Ta juya wajen ƙaninta. "Kai kuma, ba wanda ya binne min komai. Ƙaya ce, a gonata na taka ta. Ƙafar nan ta kai ni duk inda zumunci ya kira ni. Ta gaji. A sallame ta."

Yaya ba ta fita ba. Tana tsaye har na gama wankewa na naɗe. Da na fito zubar da ruwa ta biyo ni bakin famfo. Ta ce, "Kullum haka kike yi?" Na ce e. Ta tsaya tana kallon hannuna. Sannan ta karɓi robar ruwan ta ce, "Koya min." Iyakar ban-haƙurin da muka yi wa juna ke nan, kuma ya ishe mu.

Aka yi aikin lafiya. Maigidana da Kawu suka karɓi ƙafar a naɗe cikin farin ƙyalle, suka kai maƙabarta suka binne. Da suka dawo sun tarar Inna ta farfaɗo, ta tambaya ina suka je. Ba ta jira amsa ba. Ta ce, "Kun kai ta? Madalla. Dama ita ce mai gaggawa. Ta riga ni, ta je ta kama min wuri." Kawu ya yi dariya hawaye na bin gemunsa. Bai sake zancen mai magani ba.

Shekarun da suka biyo baya, abin mamaki, sun fi na baya daɗi. Ba don ciwon ya sassauta ba, ido ya ci gaba da dushewa, allura ta ƙaru. Amma Inna ta dawo. A layin ganin likita ba ta iya yin shiru. In ta hango mace ta rakuɓe tana ɓoye ƙafa, sai ta ce in tura kekenta kusa da ita. "Yaushe ya kama ki? Me suke cewa a gida?" Kafin layi ya zo kanta ta san garin matar da yawan 'ya'yanta. Tana ce musu, "Ni yanzu ba ni da ƙafar zumunci, sai ku kawo taku." Haka suka fara biyowa gidanmu ranar asibiti, su huta kafin su nemi mota. Matar Haɗeja ta zo da busasshen kifi, wata ta zo da rama, ni in kwaɗa zogale a babban kwano. A tsakar gidanmu ba mai tambayar don me ba kya shan lemo, ba mai janye jiki. Su cire takalma su duba wa juna tsakanin yatsu, mai gani ta duba wa wadda ba ta gani.

Azumi ya fi komai yi musu nauyi. Likita ya hana yawancinsu, amma suna jin kunya. Wasu su ɗauka a ɓoye har su faɗi, wasu su ci abinci a bayan ƙofa kamar ɓarayi don kada jikoki su gani. Inna ma ta taɓa gwadawa, da azahar muka same ta gumi ya jiƙe ta tana karkarwa. Sai ta sa maigidana ya roƙo limamin unguwarmu. Ya zauna a bakin zaure, su suna daga ciki, ya yi musu bayanin rangwamen da aka yi wa mara lafiya da ciyarwar da ke kansa. Wata ta ce, "Malam, amma ai da kunya." Ya ce, "In babba ya yi miki kyauta, karɓa ce abin kunya ko mayar masa?" Ranar Inna ta sha maganinta da rana tsaka a tsakar gida, ta yi hamdala da ƙarfi.

Sau ɗaya ne ta ce lallai sai an kai ta gidan wasu. Wata amarya ce a bayan layinmu, ciwon ya kama ta tana ƙarama. Uwar mijinta ta gan ta tana yi wa kanta allura, ta ce allurar hana haihuwa ce, har aka fara zancen ta tafi gidansu. Yarinyar ta zo tana kuka. Inna ta ce, "Tura ni." Na tura ta a keke har tsakar gidan. Bayan gaisuwa ta ce in miƙo mata allurarta, ta soka a gaban uwar mijin, ta ce, "Hajiya, ni ma tawa ke nan. Ki dube ni da kyau, haihuwar me nake hanawa?" Matar ta yi dariya har ta riƙe ciki. Sannan Inna ta yaye zane ta nuna mata dungulmin ƙafar, ta ce, "Wannan kuma abin da jinkiri ya yi min ne. Ki bar yarinya ta yi allurarta." Amaryar tana ɗakinta har yau, da goyonta ta zo gaisuwa.

Yaya kuma ta sauya abin da ke cikin kwano. Ta koma zuwa da dafaffen wake ko kwaɗon rama, Inna ta cinye ta ture kwanon gefe kamar da. In ta zo ita ke karɓar aikin ƙafar da ta rage: ta wanke, ta tsane tsakanin yatsu, ta shafa mai. Inna tana kallon bango, amma tana miƙa ƙafar.

A bara ƙoda ta gaza. Aka fara kai ta wankin ƙoda, duk zuwa ta dawo kamar tsumman da aka matse. Jikinta ya kumbura, numfashi ya yi wuya, barci ya ƙaura. Wannan ne lokacin da ba na son tunawa. Ta daina wasa, sai "Allah, Allah" a hankali. Da aka kai inda jikinta ba ya iya ɗaukar wankin, likita ya ja maigidana gefe ya ce mu kai ta gida, mu ba ta duk abin da ta nema.

Muka dawo da ita Yalwawa, Yaya ta taho daga Garki da kayanta. Wata yamma an yi ruwa an ɗauke, iska mai sanyi tana shigowa ta taga, na durƙusa na ce, "Inna, likita ya ɗage doka. Me kike so a kawo miki?" Yaya har ta miƙe, na san turmi za ta nufa.

Inna ta ce, "Bakina ba ya son komai." Ta huta, ta ja numfashi. "Lalle nake so. Tun da ciwon nan ya kama ni aka hana ni ƙunshi, wai kada ƙafa ta kwana a ɗaure da danshi. Ina so a ƙunsa min."

Na ce bari in kwaɓa. Ta ce, "Ke kin yi naki, 'yar nan. Zauna ki huta."

Sannan ta juyo da fuskarta daga bango, ta lalubi inda Yaya take da idanun da suka kusa rufewa, ta kira ta da sunanta. Sunan yanka, wanda ban taɓa ji daga bakin Inna ba, ita ma Yaya ba ta taɓa ji ba. Ta ce, "Zo ki ƙunsa min."

Yaya, mace mai jikoki, ta tsaya kamar an dasa ta. Sannan ta ce, "Na'am, Inna," da murya kamar ta ƙaramar yarinya. Na fita na ba su wuri. Daga tsakar gida ina jiyo su suna magana ƙasa-ƙasa har aka kira magariba. Ban san abin da suka ce ba, ban kuma tambaya ba.

Kwana biyu bayan nan ta cika, kanta a cinyar Yaya, maigidana yana laƙanta mata kalmar shahada tana bi. Babu fizge-fizge. Numfashin da ya yi watanni yana wahalar da ita ya yi sauƙi, ya ƙara sauƙi, ya tsaya.

Ni da Yaya muka yi mata wanka, haka ta bar wasiyya. Shekaru ina taɓa jikin nan da tsoro: kada in fama ciwo, kada ruwa ya yi zafi ba ta ji ba, kada in ga sabon rauni. Ranar na zuba ruwa babu wannan tsoron. Goshinta da ya daɗe a tamke ya saki. Da muka zo ƙafa, Yaya ta ɗaga ta a tafin hannunta, ta juya ta wajen haske. Babu gyambo, babu tabo. Tafin ya yi ja har ya doshi baƙi.

Ta ce, "Kin ga, ya kama."

Na ce, "Ya kama, Yaya."

Allah ya jiƙan Inna, ya sa ciwon da ta sha ya zame mata kaffara, ya yalwata mata kabarinta ya sanyaya shi. Masu fama da irin nata, Allah ya haɗa su da masu jin maganarsu. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.